Mahatma Gandhi: Jikan 'Yan Kasuwa Da Ya Mayar Da Azumi Makamin Siyasa

Tun daga shekarar 2007, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Oktoba a matsayin ranar ƙin tashin hankali ta duniya. An zaɓi ranar ce domin a cikinta aka haifi Mohandas Karamchand Gandhi, jagoran fafutukar ƙwato 'yancin Indiya daga hannun Birtaniya. Kowa ya san hotonsa: tsoho siriri mai tabarau, riƙe da sanda, ɗaure da farin gyauto. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin dabarunsa na siyasa daga ɗakin ibadar mahaifiyarsa ya ɗauko su. Wanda bai san kalmomin da mabiya addinin Hindu suke amfani da su wajen ƙaunar abin bauta da azumi da gudun duniya ba, rabin labarin mutumin kawai zai ji.

An haife shi a 1869 a Porbandar, wani gari na bakin teku a yankin Gujarat da ke yammacin Indiya. Danginsa Baniya ne, wato jinsin 'yan kasuwa, kuma a harshen Gujarati sunan Gandhi yana nufin mai sayar da kayan masarufi da kayan ƙamshi, irin mutumin da za a tarar zaune bayan buhunan wake da barkono a Kasuwar Bodija ta Ibadan. Sai dai gidansu ya daɗe da barin awo ya koma fada: kakansa da mahaifinsa, Karamchand, duk sun riƙe muƙamin waziri ga sarkin Porbandar. Abin da ya rage masa na gadon kasuwa shi ne riƙe lissafi. Har ƙarshen rayuwarsa ba ya yarda a kashe ko anini na kuɗin jama'a ba a rubuta ba.

Mahaifiyarsa, Putlibai, ita ce ta fi tasiri a kansa. Mace ce ta bakti, kalmar da Hindu suke nufin miƙa zuciya ga abin bauta cikin so da ƙanƙan da kai, ta hanyar waƙoƙin yabo da ziyarar ɗakin ibada da ambaton suna. Ba hanyar masana littattafai ba ce, ta kowa ce, har matar da ba ta iya karatu ba. Putlibai kuma ma'abociyar wirata ce, wato alkawarin da mutum yake ɗora wa kansa don ibada, kusan abin da Bahaushe yake kira bakance. A watanni huɗu na damina, waɗanda suke kira Caturmas, takan ci abinci sau ɗaya a yini. Wata shekara ta yi alkawarin ba za ta ci ba sai ta ga rana da idonta. 'Ya'yanta sukan tsaya a tsakar gida suna leƙen hadari, rana na ɓullowa su ruga su kira ta, kafin ta fito gajimare ya rufe, sai ta koma aikinta da yunwarta ba tare da ƙorafi ba. Wata mai renonsa, Rambha, ita kuma ta koya masa maimaita sunan Rama idan tsoron duhu ya kama shi. Wannan maimaitawa ita ce japa, kuma sukan yi ta da carbi mai ƙwaya 108.

Azumi a wurinsu upawasa ne, asalin ma'anar kalmar kuwa zama kusa, wato kusantar abin bauta. Ya bambanta da azumin da Musulmi ya sani. Ba shi da iyaka guda daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Wani yakan bar hatsi kawai ya sha madara da 'ya'yan itace, wani ya tsaya ga ruwa, wani ya bar komai. Masu riƙo sukan azumci Ekadashi, rana ta 11 bayan tsayuwar sabon wata da ta 11 bayan cikarsa, sau biyu ke nan a wata. Masu kallon finafinan Indiya, waɗanda suka cika gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos shekaru da dama, sun sha ganin matar aure tana jiran fitowar wata kafin ta sha ruwa saboda tsawon ran mijinta. Daga wannan gida abin ya fito.

An yi masa aure da Kasturba a 1883, dukansu suna wajen shekara 13. A 1888 ya nufi Landan karatun lauya, amma sai da mahaifiyarsa ta sa ya rantse a gaban wani malamin addinin Jain cewa ba zai taɓa nama da giya da mata ba. Dattawan jinsinsa a Bombay suka yanke shi daga cikinsu saboda ƙetare teku. A Landan ya yi ta fama da dafaffen ganye marar gishiri har ya gano gidan abinci na marasa cin nama, kuma a can ne ya fara karanta Bhagavad Gita, littafin da ya zama abokin tafiyarsa, cikin fassarar Turanci ta Edwin Arnold. Ya zama lauya a Yunin 1891. Da ya sauka a Bombay ne aka sanar da shi mahaifiyarsa ta rasu tun yana can, an ɓoye masa.

Aikin lauya bai karɓe shi a gida ba. A shari'arsa ta farko a Bombay baki ya mutu masa a gaban alƙali. A 1893 wani attajiri Musulmi, Dada Abdulla, ya ɗauke shi aikin shekara guda a Afirka ta Kudu. Ya shekara 21. A daren 7 ga Yuni, 1893, aka jefo shi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg saboda ya ƙi barin taragon Turawa alhali yana da tikitinsa. A shekara mai bi ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin Indiyawan Natal.

Wannan zamani yana da tabon da mai karatu ɗan Afirka ba zai tsallake ba. Gandhi na farkon shekarun nan Indiyawa yake nema wa haƙƙi, ba baƙar fata ba. Ya rubuta kalaman raini a kan 'yan ƙasar, kuma daga cikin abin da ƙungiyarsa ta nema har da a raba wa Indiyawa ƙofa da baƙaƙe a gidan waya na Durban. Masu kare shi suna cewa ya sauya daga baya, kuma akwai hujjoji a kan haka. Duk da haka, gunkinsa da Shugaban Indiya Pranab Mukherjee ya ƙaddamar a Jami'ar Ghana da ke Legon a 2016, an tumɓuke shi a Disambar 2018 bayan koken malamai da ɗalibai.

A 1906, lokacin da Turawa suke murƙushe boren Zulu ƙarƙashin Bambatha, ya jagoranci wata 'yar tawagar Indiyawa masu ɗaukar majinyata a ɓangaren gwamnati. Aikin da ya faɗo musu shi ne jinyar Zulu da aka harba ko aka yi wa bulala, waɗanda Turawa suka ƙi taɓawa. A cikin wannan tafiya ya yanke shawarar ɗaukar alkawarin barahmacariya, wato ƙaurace wa shimfiɗar aure har abada, yana ɗan shekara 36, da 'ya'ya huɗu maza. A watan Satumban shekarar, a wani taro a Johannesburg, Indiyawa suka rantse ba za su bi dokar rajista da ɗaukar hoton yatsa ta Transvaal ba. Daga nan aka sami satyagraha, riƙe gaskiya da ƙarfi: a karya dokar zalunci a fili, a karɓi hukuncinta, ba a rama duka ba. Tushenta ahimsa, ƙin cutar da duk mai rai, aƙidar da Jain na Gujarat suka fi kowa tsananta.

Koyarwar Hindu ta gargajiya ta kasa rayuwar namiji gida huɗu. Da farko ɗalibi mai kame kai, sannan magidanci, sannan dattijon da ya janye daga harkoki, a ƙarshe sanyasa, barin duniya ɗungurungum. Wanda ya shiga wannan mataki, sanyasi, ana yi masa al'adun mamaci yana raye, ya bar sunansa da dukiyarsa da iyalinsa, ya sa tufa mai launin jar ƙasa, ya rayu da abin da aka zuba masa a ƙoƙo. Wasunsu suna zaune a gidajen ibada ƙarƙashin guru, wato shehinsu, wasu kuma suna yawo, ana kiransu sadu. Mazaunin Sabo a Ibadan, unguwar da zawiyoyin Tijjaniyya suka yi ƙarfi tun shekarun 1950, zai ga kamar ya san wannan, tunda ya san halwa da zuhudu da wuridi. Kamar ta zahiri ce. Malamin da ya shiga halwa yakan fito ya koma ga iyalinsa da sana'arsa, domin Musulunci bai yarda da ruhubananci ba. Sanyasi kuwa ba ya dawowa.

Gandhi bai taɓa zama sanyasi ba, kuma da gangan ne. Ya ɗauki kamewar masu gudun duniya, ya ƙi gudun. Matarsa tana tare da shi, yana buga jarida, yana tara kuɗin ƙungiya, yana ciniki da gwamnoni. Farin saƙi na hannu ya sa, ba jar tufa ba, gyauton nan kuma a 1921 ya koma gare shi a Madurai don ya yi daidai da talakan da ba shi da riga. Abin da ya gina shi ne ashram, mazaunin almajirai a kewayen malami, amma nasa na ma'aurata ne da yara, masu noma da kaɗi da sharar masai. Ya fara da Phoenix kusa da Durban a 1904, sai Gonar Tolstoy kusa da Johannesburg a 1910. A wannan gona, da watan Ramadan ya kama, ya ƙarfafa wa yaran Musulmi su yi azuminsu, ya kuma jawo yaran Hindu da Kirista da Farisawa suka taya su kame baki har yamma. Su sukan ci nasu kafin rana ta faɗi don su samu su shirya wa Musulmin abin buɗa-baki.

Ya koma Indiya a Janairun 1915, ya kafa ashram a Ahmedabad, wanda ya koma bakin kogin Sabarmati a 1917. Mazauna suna ɗaukar alkawura 11, daga ciki akwai gaskiya, da ƙin mallakar abin da ya wuce buƙata, da cin guminka, da girmama addinai duka, da watsi da ƙyamar waɗanda ake ce wa ba a taɓa su. Na ƙarshen nan ya kusa rushe gidan: da ya karɓi iyali guda daga cikinsu, masu ba da gudummawa suka janye, har Kasturba ta yi tawaye, sai wani mai masaƙa, Ambalal Sarabhai, ya zo a ɓoye ya ajiye rupi 13,000. Kowace Litinin Gandhi yana mauna, azumin magana. Ko gwamna ne ya zo, a takarda zai sami amsa. Jama'a suka laƙaba masa Mahatma, mai babban rai, laƙabin da ya sha nuna yana yi masa nauyi. Na kusa da shi Bapu suke ce masa, wato baba.

Azumin matsa lamba ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Indiya tana da tsohuwar al'ada mai suna darna: mai bin bashi ya zauna a ƙofar wanda yake bi, ya ƙi ci ya ƙi sha, har a biya shi ko alhakin ransa ya hau kan mai gida. Turawa sun ɗauke ta da muhimmanci har suka sa ta cikin laifuffuka a kundin dokokinsu na 1860. Gandhi ya dage cewa nasa tapasya ne, wahalar da kai don tsarkaka, kuma ba ya halatta sai a kan wanda yake ƙaunarka, don a farkar da shi. Tsakanin farkarwa da tilastawa kuwa tazarar ba ta kai taki ɗaya ba, shi ma ya sani. A Maris na 1918, ma'aikatan masaƙun Ahmedabad da ya jagoranta suka fara karaya a yajin neman ƙarin kashi 35 cikin 100, sai ya daina cin abinci. Cikin kwana uku masu masaƙu suka yarda da sulhu, shugabansu kuwa Ambalal ɗin nan ne da ya ceci ashram. Gandhi da kansa ya rubuta daga baya cewa wannan azumi yana da aibi, don kunyarsa suka ji.

Ya yi irin wannan azumi a bainar jama'a fiye da sau 15, yana shan ruwa kawai, wani lokaci da gishiri ko ɗigon lemon tsami. Sau uku ya kai kwana 21. Na 1924 a Delhi ya fara shi, a gidan Maulana Muhammad Ali, jagoran fafutukar Halifanci, bayan rikicin Hindu da Musulmi a Kohat, likitoci Musulmi suna kula da shi. Kafin nan, a Fabrairun 1922, da masu zanga-zanga suka ƙone 'yan sanda fiye da 20 a Chauri Chaura, ya dakatar da gwagwarmayar ƙasa baki ɗaya tana tsakiyar ƙarfinta, ya yi azumin kaffara na kwana biyar, abokansa na siyasa suna cizon yatsa. Tattakin gishiri na 1930, kilomita kusan 390 daga Sabarmati zuwa Dandi tare da mutum 78 na ashram, shi ya fi shahara a duniya, kuma da addu'ar asuba da ta yamma aka yi shi kamar ziyarar ibada.

Azumin da har yau ake jayayya a kansa shi ne na Satumbar 1932 a kurkukun Yerawada. Firayim Ministan Birtaniya Ramsay MacDonald ya ba waɗanda ba a taɓawa damar zaɓen wakilansu su kaɗai, abin da jagoransu Dakta B. R. Ambedkar ya yi ta nema. Gandhi ya ga wannan zai raba su da sauran Hindu har abada, ya shiga azumin sai mutuwa. Ambedkar ya tsinci kansa tsakanin haƙƙin mutanensa da ran mutumin da, in ya mutu, a kan mutanen nan za a huce a ƙauyuka. Ya sa hannu a Yarjejeniyar Poona ranar 24 ga Satumba: kujerunsu a majalisun larduna suka tashi daga 71 zuwa 148, amma zaɓen keɓe ya tafi. An buɗe musu ɗakunan ibada da rijiyoyi a wurare da yawa a makon, wasu kuma aka sake rufewa da ƙura ta lafa. Ambedkar bai yafe ba har ya mutu, kuma da wuya a ce ba shi da hujja: wannan karon mai rauni aka matsa wa.

Gidansa ma ya biya kuɗin wannan tsanani. Babban ɗansa Harilal, wanda ya hana karatun boko mai zurfi, ya ƙare cikin shaye-shaye da bashi. Ya musulunta a 1936, ya sake komawa Hindu, ya rasu a asibitin Bombay watanni kaɗan bayan mahaifinsa. Kasturba ta rasu a tsare tare da mijinta a fadar Aga Khan da ke Poona ranar 22 ga Fabrairu, 1944. A shekarunsa na ƙarshe kuma ya riƙa gwada kamewarsa ta hanyar kwana shimfiɗa ɗaya da 'yan mata na danginsa, abin da ya sa wasu amintattunsa suka bar shi, kuma babu fassarar da ta wanke shi.

Amma a waɗannan shekaru ne ya yi aikin da ya fi kowane nauyi. Da aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, a Agustan 1947, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu. Ranar 'yanci, 15 ga Agusta, ba ya Delhi wajen biki. Yana Kalkata cikin wani tsohon gidan Musulmi a unguwar Beliaghata, tare da Husain Shahid Suhrawardy, ɗan siyasar da Hindu suke zargi da kisan da aka yi a birnin a 1946. Da kashe-kashe suka dawo, ya shiga azumi ranar 1 ga Satumba. Cikin kwana uku 'yan daba suka riƙa zuwa suna zube takubba da bindigogi a gabansa, shugabannin al'ummu suka sa hannu, birnin ya lafa. Duk ɗan kasuwar da yake Ibadan lokacin da sa-in-sar mutum biyu ta zama gobara da gawawwaki a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021 ya san wuyar kashe irin wannan wuta, da kuma yadda baƙo yake kwana da kayansa a ɗaure.

Tasirinsa ya iso Afirka ta Yamma da wuri. Kwame Nkrumah ya gina yajin gama-gari na Janairun 1950 a kan wannan tsari. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Landan daidai lokacin da Indiya take karɓar 'yanci, ya nazarci hanyoyin Gandhi, kuma ana ganin alamarsu a siyasar NEPU ta tsayuwar talaka gaban hukuma ba da makami ba, da kuma sauƙin rayuwar Malam ɗin kansa.

Azuminsa na ƙarshe ya fara ranar 13 ga Janairu, 1948, a Delhi, inda 'yan gudun hijira Hindu da Sikh suka mamaye masallatai da gidajen Musulmi. Yana da shekara 78, ƙodarsa ta fara gazawa. Ya gindaya sharuɗɗa: a mayar da masallatai, Musulmi su yi zirga-zirga lafiya, a bar su su yi taron shekara a hubbaren waliyyi Kutubuddin Bakhtiyar Kaki da ke Mehrauli. Gwamnatin Jawaharlal Nehru kuma ta saki rupi miliyan 550 na rabon Pakistan da ta riƙe saboda yaƙin Kashmir. Ranar 18 ga wata wakilan ƙungiyoyi fiye da 100 suka sa hannu, ya karɓi ruwan lemo daga hannun Maulana Abul Kalam Azad. Ranar 27 ya je Mehrauli da kansa.

Masu tsattsauran ra'ayin Hindu sun daɗe suna jin haushin karanta ayoyin Alƙur'ani a taron addu'arsa na yamma, kuɗin Pakistan kuma ya cika musu ciki. An tayar da bam a wurin taron ranar 20 ga Janairu, ya ƙi yarda a riƙa caje masu shiga. Da yammacin Juma'a, 30 ga Janairu, yana tafiya filin addu'a a gidan Birla, ya ɗan makara, dafe da kafaɗun jikokin danginsa biyu, Manu da Abha, sai Nathuram Godse, editan wata jarida a Poona, ya fito daga cikin jama'a, ya rusuna, ya harbe shi sau uku a ƙirji. Washegari aka ƙone gawarsa a bakin kogin Yamuna bisa al'adar Hindu.

Kotu ta yanke wa Godse da abokinsa Narayan Apte hukuncin kisa. 'Ya'yan Gandhi biyu, Manilal da Ramdas, sun roƙi gwamnati ta sassauta, saboda mahaifinsu bai yarda da hukuncin kisa ba. Gwamnati ta ƙi, aka rataye su a kurkukun Ambala ranar 15 ga Nuwamba, 1949.